Shekarar da Na Kai Itace Gidan Biki

Na san abin da ake gaya maku a kaina. An ce kakarku ta taɓa kwasar arzikin Ruma ta kai wa mutanen wata ƙasa a banza, wai tsufa ne ya fara taɓa mata kai. Da abin ya zo da kyau kuma, masu faɗin hakan suka juya harshe suka ce ai sa'a ce ta yi. To ba tsufa ba ne, ba kuma sa'a ba ce. Da hankalina na yi, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar, wallahi haka zan sake. Shi ya sa na zaunar da jikata Binta na ce ta ɗauko takarda, tunda ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani magana. Na birni da na gida kowa ya karanta, wanda bai iya ba a karanta mashi.

Ku fara sanin rogon da ake magana a kai. Rogo kowa na nomawa a ƙasar Batsari, amma namu na Ruma daban yake. Jangaɓa muke ce mashi, don gaɓoɓin itacensa ja ne kamar an ƙunsa masu lalle. Ba ɗaci, ba zare a ciki, in aka dafa shi sai ya tsage da kansa ya yi fari tas, a barbaɗa garin ƙuli da ɗan mai, ko hakimi ka ba ba za ka ji kunya ba. Surukina, mahaifin marigayi kakanku, shi ya zo da shi, daga ina ban sani ba, bai taɓa faɗi ba. Abin da ya faɗi ɗaya ne, dillalan rogo na kasuwar Batsari kuma suka riƙe shi kamar farilla: a sayar da saiwa ga duk wanda ya zo, amma itacen, wanda shi ne iri, kada ya fita ƙasar Ruma. Ko ɗiya aka aurar Zakka ko Safana, rogo ake kai mata ta ci, ba a kai mata itace. Dalilinsu a fili yake. Mutanen Nijar na zuwa da motoci su saya, in suka samu iri suka noma nasu, wa zai sake zuwa? Ni ma haka na yarda shekara da shekaru, har na taɓa korar wani baƙo da na gani yana laɓe-laɓe a bakin shinge.

Sai dai rogo ba gero ba ne, ku riƙe wannan. Gero in ka zuba a rumbu ka dawo baɗi ka shuka, zai fito. Rogo ba ya da ƙwayar da ake ajiyewa. Ransa na cikin ɗanyen itacensa, in ka sare shi ka jingine a inuwa zai yi maka haƙuri na ɗan lokaci, in ka wuce haka ya bushe ya zama makamashi. Duk shekara sai ya koma ƙasa. Shekarar da aka fasa dasa shi, iri ya mutu ke nan har abada.

Sai ƙawata Tsahara. Tun ina budurwa nake bin gwaggona kasuwar Jibiya, mu da rogo, ita kuma Tsahara tana zuwa da uwarta daga wani ƙauye bakin gulbi a ƙasar Maraɗi, su da aya da kanwa. Mu Katsinawa, su ma Katsinawa, Bature ne kawai ya ja layi tsakani. A nan muka ƙulla ƙawance da goro, muka kuma ɗaura biki. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin biki ba. In ina da sha'ani, aure ko suna, ta kawo mani gudummawa. In nata ya tashi in ninka abin da ta kawo in mayar. Ita ma in nawa ya sake tashi ta ninka. Haka ake ta yi har abin ya yi nauyi, sai a yanke a koma ƙasa a sake farawa. Kuma bikin mace nata ne ita kaɗai. Miji ba ya sa baki, ɗa ba ya sa baki, ko mai gari bai isa ya tambayi abin da mace ta ƙunsa ta kai wa ƙawarta ba. Ni da Tsahara mun fara da sabulu da kwano, muka kai ga turmin atamfa, muka kai ga tunkiya, ba wadda ta taɓa gazawa.

Kwatsam aka wayi gari an rufe iyaka. Manya suka yi faɗansu a can sama, mu aka taka. Motocin Nijar suka daina zuwa, rogo ya taru a kasuwar Batsari yana baƙi yana wari, ana zuba wa awaki har awaki suka ƙoshi suka juya baya. Kanwa ta yi tsada, mata suka koma jiƙa toka. Ni da Tsahara sai saƙon baki ta hannun masu babur da ke bin daji. Muna cikin wannan kuma mutanen daji suka matsa wa Ruma. Ba zan tsaya ba ku labarin wannan ba, kun san shi, wasunku goye a baya aka fito da ku. Muka baro gida da bazara muka sauka Batsari, gidan yayana Sale, Allah Ya jiƙansa, aka ba mu ɗakuna a bayan gida.

Kowa na kukan hatsi da dabbobi, ni hankalina na kan gonar rogo. Maƙwabcinmu Jauro, Bafillace ne, shi ma an kore mashi garke sai bijimai biyu na amalanke suka tsira. Na same shi na ce ya raka ni. Ya dube ni ya ce, Inna, ran mutum ya fi rogo. Na ce gaskiya ne, amma ni zan tafi ko da ƙafa. Ya girgiza kai ya ɗaura amalanke. Muka shiga da hantsi, gari shiru ko zakara babu, rabin gonar shanu sun tattake. Na sari abin da ya rage mai lafiya, muka ɗaure dami-dami muka fito kafin azahar, ba mu ga kowa ba, Allah Ya rufa asiri. Na jingine su a gindin mangwaron gidan Yaya Sale, kullum in yayyafa masu ruwa kamar jinjiri.

Sai neman inda za a dasa. Gonakin kusa da gari duk an rabe su, kowa gero yake so ya jefa ya samu na baki cikin wata uku, wa zai ba ka ƙasa don abin da zai kwana shekara? Na aika Yasore, suka ce su ma barci da ido ɗaya suke yi. Na aika wa dangi a Zakka, na ce ko doka ce a karya, suka ce gonakinsu na nesa sun gagare su. Kullum in na je gindin mangwaro sai in kankare bawo da farce in duba, in ga kore na ja da baya. Waɗanda ke gefe suka fara bushewa, yara har sun fara zarar su suna hura wuta.

A wannan tsakanin ne rediyo ta ce manyan ƙasashen biyu sun shirya, an buɗe hanya, kuma abin da gona ta haifar ya wuce ba haraji. Ba a daɗe ba Tsahara ta kira a wayar ɗana na fari, wanda nake ce wa Magaji, ta ce za ta aurar da autarta, tana jirana. Na tuna fadamar mijinta Ilu a bakin gulbi, ƙasa mai laushi, ruwa kusa, ba abin da suke sawa sai albasa da zogale. Ban ce wa kowa komai ba, na sa aka nemo mani motar a-kori-kura. Amma gidan yawa ba ya riƙe magana. Kafin a ɗora dami na fari sai ga Magaji, ga kuma Alhaji Tanimu sarkin dillalan rogo a bayansa yana haki.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da zaman baƙunta, sannan Alhaji Tanimu ya gyara zama.

"Gwaggo, wata magana na ji, na ce ƙarya ake maki. Wai Jangaɓa za ki ƙetare da shi?"

"Ba a yi mani ƙarya ba."

"Innalillahi! Abin da surukinki ya hana a kai Safana, nan kusa, shi za ki kai wata ƙasa? In suka noma nasu, mu mu ci mi?"

"Yanzu mi kake ci, Tanimu? Naka itacen yana ina?"

"Yana nan jingine. Za a koma gida kwanan nan in Allah Ya so."

"Allah Ya sa. In ba a koma ba fa?"

Magaji bai taɓa ɗaga mani murya ba tunda na haife shi, ran nan ma bai ɗaga ba, amma idonsa ya yi ja.

"Inna, irin kakana ne. Gara ya bushe a hannunmu da ya yi rai a hannun bare."

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa? To bari in tambaye ka. Ɗanwaken da ka ci da safe, garin rogon namu ne. Waken na wa? Kanwar ta wa? Ka taɓa jin ɗanwake ya yi gardama a tukunya don an haɗa ƙasa biyu?"

"Ni dai ban yarda a sayar ba."

"Wa ya ce maka sayarwa zan yi? Biki zan kai wa ƙawata."

Nan fa suka dubi juna. Sun zo da shirin hana ciniki, ba su zo da shirin shiga bikin mata ba, kuma dukansu sun san namijin da ya sa hannu a cikin ƙunshin biki, har ya mutu zancen ake yi mashi a bakin rijiya. Alhaji Tanimu ya tashi yana kaɗe riga, ya ce to, amma in sani rumfata ta kasuwa akwai masu so. Na ce ya gaishe su. Magaji ya shige ɗaki, ko dami ɗaya bai taya ɗorawa ba. Yaya Sale ne, da ciwonsa da komai, ya fito ya riƙe igiya.

A bakin iyaka wani ma'aikaci ya tsayar da mu, ya zo da sandar ƙarfe yana caka wa kayan, yana neman ko an ɓoye jarkokin mai.

"Iya, mi ke ƙarƙashi?"

"Itace."

"A tsakiya fa?"

"Itace, ɗan nan. Ka daina cakar su, suna da rai."

"An dai ce kayan gona su wuce. Amma wannan kayan gona ne ko kayan murhu?"

Na zaro ɗaya na kankare da farce na nuna mashi kore, farin ruwa ya ɗan tsattsafo. Sai ya yi dariya ya ajiye sandar. Ashe ɗan kudu ne, garinsu da rogo aka yaye shi. Ya juya itacen yana kallon jan gaɓar, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Shi da kansa ya ɗebo ruwa a buta ya yayyafa, ya ce wa direba ya yi sauri kafin rana ta take. Na can gefen ma hannu kawai suka ɗaga mana. Hanyar da aka yi shekaru ana bi ta cikin ƙaya ana ɓoyo kamar ɓarayi, ga mu bisa kwalta da rana tsaka, ba wanda ya ce in kawo ko sisi.

Mun isa ana tsakiyar sha'ani. Tsakar gidan Tsahara cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, maroƙiya na tsaye tana shelanta abin da kowace ta kawo, wannan atamfa, wannan kwalla, ana guɗa. Sai ga ni ana sauke mani dami a ƙofar gida. Wata ƙanwar mijinta mai baki kamar reza ta leƙo ta koma da gudu.

"Jama'a, ku fito ku ga bikin 'yan Najeriya! An kawo mana itacen dafa tuwon amarya!"

Gida ya ɗauki dariya. Ni kuwa na gyara ɗaurin kallabina na tsaya ƙyam, don na san abin da na kawo. Tsahara ta fito ta ratsa mata, ta durƙusa ta zaro ɗaya. Ita ta sha cin Jangaɓa, ta kuma san dokar Ruma, don ta taɓa roƙona sanda ɗaya tak muna da ƙuruciya na hana ta. Ta shafa jan gaɓar nan, ta ɗago ta dube ni.

"Ƙawa, kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"Mutanenki sun yarda?"

"Biki na kawo, ban zo da mutanena ba."

"Kin san fa sai na ninka."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Sai ta miƙe ta kama hannun maroƙiya ta ce, ki faɗa da ƙarfi har na bayan gida su ji, ƙawata ta Ruma ta kawo mani abin da ba a taɓa kai wa kowa ba, kuma na karɓa. Ta rangaɗa guɗa da kanta, tsohuwa da ita, har muryarta ta shaƙe.

Ilu mutumin kirki ne amma akwai garaje. Washegari, mata na can na hidimar kai amarya, ya kwashi dami ya nufi fadama don ya ba ni mamaki. Ko da na isa ya kafa layi guda, dogaye a tsaye kamar mai yin shinge, rabi kuma kai ƙasa. Shi manomin gero ne, a wurinsa abin da ka jefa ƙasa ya san hanyar sama da kansa.

"Malam Ilu, wannan darni kake yi wa albasa?"

"Haba ƙawar gida, ba dasawa aka ce ba?"

"In aka dasa ka kai ƙasa ƙafa sama, za ka yi tsiro?"

"Yo itace ma yana da kai?"

"Har da ido. Tuge su duka."

Na zauna a kan kunya na nuna mashi. A yanka kamar tsawon kamu ɗaya, a duba idanun da ke jikin gaɓa su kalli sama, a soka a karkace, a bar kaɗan a waje, a taka gindin da diddige. Shi da 'ya'yansa da matan 'ya'yansa duk suka koya. Ban yarda na taho ba sai da ruwa ya sauka na ga jajayen kunnuwa sun fara leƙowa layi-layi. A wannan zaman ne Yaya Sale ya cika. Saƙo ya same ni an riga an kai shi. Shi kaɗai ya riƙe mani igiya ranar da kowa ya juya baya, ban samu na ɗiga mashi ruwa a baki ba. Wannan ita ce tsadar da na biya, sauran duk ƙananan abubuwa ne.

Ƙananan ma dai sun yi ciwo. Na dawo na tarar an ba wata rumfata. In na wuce bakin famfo sai 'yan mata su fara tafi suna cewa ga mai kai itace gidan biki, a ba ta gatari. Magaji na zuwa gaisuwa kullum safiya, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya tashi, amma ya daina cin tuwon ɗakina. Uwa ta san bambancin gaisuwar baki da ta zuciya. Ban roƙe shi ba. Ba a koma Ruma a wannan daminar ba, ba a koma ta gaba ba. Itacen Alhaji Tanimu ya bushe a jingine, matansa suka dafa dambu da shi. Na sauran mutane ma haka. Abin da ya rage a gonaki shanu suka cinye, gara ta ƙarasa. Duk faɗin ƙasar Batsari da Safana ba sauran Jangaɓa ko sanda ɗaya, sai wanda ke fadamar Ilu.

Da shekara ta zagayo sai ga mota a ƙofar gida, Ilu a gaba yana washe baki, bayan motar cike da saiwa, kowace kamar cinyar ƙato. Ƙasar gulbi ta karɓe shi fiye da tamu. Ya ce sun ci, sun kai kasuwa, amma abin ya fi ƙarfinsu, in aka haƙe shi ba ya kwana uku sai ya fara baƙi, su kuma ba su iya sarrafa shi ba. Na ce wannan aikinmu ne. Na tara matan Ruma da ke zaune a Batsari hannu rabbana, zawarawa da waɗanda mazansu suka tafi ci-rani, muka feƙe, muka gurza, muka matse, muka soya garin kwaki, wani muka shanya alabo. Motar da ta kawo saiwa ita ta koma da gari. Da hannu ya gaza, na sayar da tumakina, Tsahara ta sayar da ayarta ta shekara, muka haɗa muka sayi injin gurza, rabi nata rabi nawa. Gona can, inji nan. Mota ta zo da rogo da wake da kanwa da aya, ta koma da gari da alabo da barkono. Abin da Alhaji Tanimu ke tsoro kuma bai faru ba. Ƙauyukan da ba su taɓa sanin Jangaɓa ba suka ɗanɗana a kasuwannin can, suka ce a ƙaro. Masu nema suka fi abin da fadamar Ilu ke iya bayarwa nesa ba kusa ba. Kullum direbobi na tambaya, yaushe Ruma za ta koma noma?

Za ku ce to don mi ban karɓo itacen a lokacin ba. Ina zan dasa? Kuma biki ba a karɓarsa a hanya kamar bashin gishiri. Sai kana da sha'ani, a gaban mutane, a ji a gani. Sha'anin da ya rage mani ɗaya ne, auren autana Lawal. Yaron nan ya samu yarinya yana so tana so, iyayenta sun amsa, ni na ce a dakata.

"Inna, sai yaushe?"

"Sai an koma Ruma."

"Yanzu aurena ne aka ɗaura wa rogo?"

"Kai ma da rogon aka yi maka goyo. Yi haƙuri."

Muna cikin jira aka sake rufe iyaka. Manya sun sake ɓatawa. Inji ya yi shiru, matan da ke ci da shi suka koma gida, na rufe shi da buhu. Ran nan Magaji ya zo gaisuwa, ya tashi zai tafi sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ga shi nan, Inna. Irin kakana ya zama ɗan wata ƙasa, ko gaisuwa ba mu iya kai mashi."

Wannan lokacin ne kawai zuciyata ta yi rawa. Amma Tsahara na aiko mani saƙo, ta ce in kwantar da hankali, an sake dasawa, har maƙwabtan Ilu sun karɓa sun dasa, kuma ta gaya wa kowa amana ce ta ƙawarta. Mu talakawa na gefe biyu mun riga mun ɗanɗana buɗaɗɗiyar hanya, direbobi da dillalai da masu aya na can duk suka yi ta kuka har kukan ya kai inda ake ji. Allah Ya sa aka buɗe. Bayan nan ƙura ta ɗan lafa a daji, masu ƙarfin hali suka fara komawa Ruma suna share gonaki. Na duba sama na ga gabas ta fara haɗa hadari. Na ce wa Lawal ya je ya gaya wa surukansa a sa rana.

A Ruma na ce za a yi, a tsohon gidanmu, ko da rabin katangar a zube take. Ranar wuni, bayan azahar, mata sun cika gida, sai muka ji ƙugin mota irin wadda ba ta saba shigowa ƙauye ba. Yara suka ruga. Babbar mota ce mai bodin katako, tana tafe tana rangaji a kan hanyar amalanke, an yi mata lodi har ya wuce kai, an rufe da ɗanyen ganye, ruwa na ɗiga. Tsahara na gaba kusa da direba da sabon lulluɓi, Ilu na can bisa kaya ya riƙe hula. Ta sauko da ƙyar, ta kama hannun maroƙiyarmu.

"Faɗa masu Tsahara ta Maraɗi ta mayar da biki. Ki ce na so in tsaya a ninki ɗaya, itacen ne ya ƙi."

Aka yaye ganye. Ja, ja, ja, tun daga ƙasa har sama. Wallahi maza na gani suna kuka, manya masu furfura. Wani tsoho ya zaro sanda ɗaya ya riƙe a ƙirji kamar an dawo mashi da ɗa daga tafiya. Guɗa kuwa har Jauro ya ce bijimansa sun firgita.

Na sa aka shimfiɗa mani tabarma a gindin motar, na ce duk mai gona ya zo ya ɗauka, na Ruma da na Yasore da na Zakka da suka zo biki, ba na ware kowa, kuma daga yau duk wanda ya roƙi iri a ba shi, ko daga ina ya fito. Aka yi layi. Can tsakiyar layin na hango Alhaji Tanimu, ya ja hula har gira.

"Tanimu, kai ma itacen girki kake so?"

"Gwaggo, a yi mani afuwa a gaban mutane."

"An yi. A ba shi biyu, yana da iyali. Rumfar kuma ka bar wa mai ita, ni yanzu da mota nake ciniki."

Magaji bai shiga layi ba. Yana gefe tsaye har aka kusa gamawa. Sannan ya zo ya durƙusa, ba daga nesa ba, har gwiwarsa na taɓa tabarmata. Ya ɗauki sanda ɗaya yana juyawa, ya kankare da farce yadda kakansa ke yi, ya ga kore.

"Inna, akwai sauran tuwo a ɗakinki?"

"Akwai. Ci ka tashi, hadari na haɗowa."

Ya ɗaga kai ya dubi motar, ya dubi Tsahara da ke can tana raba goro, sai na ga wani tunani ya faɗo mashi.

"Inna, na ji an ce jikarta ta isa aure, baɗi za a yi. In nata ya tashi, mu za mu ninka wannan?"

"Mu za mu ninka."

"Mota biyu? Ba za a yanke ba a koma ƙasa?"

"Ba a bakina ba, ba kuma a bayan raina ba."

"To ina za mu samo mota biyu?"

Na nuna mashi gonar kakansa da sandata, ga ta nan shararriya har bakin rafi, an yi huɗa, ƙasa na jira. Ya ɗaure dami mafi girma ya aza a ka, ya fita ta ƙofar baya, ko tuwon bai tsaya ci ba.